ZAUREN GWAGGO: Asusun 'Yar Lambara

Wasiƙunku suna isowa, kuma ina sane da waɗanda ban amsa ba tukuna. Ku yi mini afuwa, domin a wannan fitowa na ajiye maganar soyayya da ta zaman aure a gefe, zan ba ku labarin wata yarinya daga cikin gidanmu, wadda ta koya mini darasin da ban samu a aji ba.

Kamar yadda wasunku suka sani, ni mutuniyar Lambara ce, wani gari da ke ƙaramar hukumar Shagari a Jihar Sakkwato, idan kin wuce Boɗinga kin nufi Shagari, mahaifar marigayi Shugaba Shehu Shagari wanda ya mulki Nijeriya daga 1979 zuwa 1983. Aure ne ya kawo ni Kano. Yarinyar da zan ba ku labarinta 'yar yayana ce, uwa ɗaya uba ɗaya. Ba zan ambaci sunanta ba saboda kunya gare ta kamar me, sai dai mu kira ta 'Yar Asusu. Ƙanenta kuwa mu bar shi a Auta, yadda ake kiransa a gida.

Tun Auta yana wata huɗu a duniya kumatunsa suka fara bushewa suna tsattsagewa. Aka ce ƙurajen zafi ne, aka ce nono ne bai karɓe shi ba, wasu suka ce borin jini ne. Da ya fara tafiya abin ya bar fuska ya koma lanƙwasar hannu, da bayan gwiwa, da wuya. Wurin ya yi baƙi, ya yi kauri kamar fatar guza, ga ƙaiƙayi ba dare ba rana. Yaro zai kwana yana susa har jini ya fito, uwarsa ta kwana tana riƙe masa hannu, da safe a ga shimfiɗa duk ɗigon jini. Idan damina ta sauka abin ya ɗan lafa, da hunturu ya kama kuwa sai ya dawo sabo fil.

Ba za a ce Yaya bai yi ƙoƙari ba. An jiƙa sassaƙe, an yi hayaƙi, an sha rubutu. Wani mai kemis ya ba su man shafawa irin mai haɗi uku ɗin nan, cikin kwana huɗu fata ta yi sumul, aka yi ta murna an samu magani. Ana dainawa abin ya taso fiye da da, aka sake saye, aka sake shafawa, har wuyan yaron ya fara yin fari-fari, fatar ta yi laushi kamar takarda. Wata ma'aikaciyar lafiya ce ta gani ta ce su daina maza, su kai shi Sakkwato wurin likitan fata. Yaya ya ce to, a bari kaka ta yi. Kaka ta zo ta wuce, bashin taki ya cinye abin da aka samu.

Abin da ya tayar da 'Yar Asusu tsaye ya faru ne a gidan suna, a shekarar 2022, lokacin tana da shekara 12, Auta yana da 4. Yara suna wasa a tsakar gida, sai wata mata ta fizge ɗanta daga kusa da Auta, ta ce da ƙarfi kada ya kwaso musu kuturta. Yaron bai san me ake nufi ba, ya tsaya yana kallon hannunsa. Yayarsa kuwa ta sani. Ta goya shi suka koma gida, ba ta ci abincin sunan ba, ba ta kuma gaya wa kowa ba. Washegari ta sayo asusun ƙasa, ta tura shi can ƙarƙashin gadon Inna, wato kakarsu.

Ni duk ban san ana wannan ba sai a ƙarshen watan Janairu na 2023, da na je gida biki. Za ku tuna lokacin, shi ne aka sauya fasalin takardun N200 da N500 da N1,000, aka ce tsofaffin za su daina aiki ranar 31 ga Janairu, daga baya aka ƙara wa'adi zuwa 10 ga Fabrairu. Sababbin kuɗi ba sa samuwa, masu shaguna kuma sun fara ƙin karɓar tsofaffi. Da daddare ina shafa mai zan kwanta, sai ga yarinyar nan ta shigo sumumu ta durƙusa a gabana. Zan kawo muku maganarta yadda ta yi ta, da harshenmu na Sakkwato.

"Gwaggo, in tambaye ki wani abu, amma kak ki hwaɗa ma Baba."

Na ce ina jin ki.

"Wai gaskiya ta, kuɗɗi za su mutuwa?"

Na yi dariya na ce ke ina ruwanki da mutuwar kuɗi, nawa gare ki? Ai kuwa sai hawaye shaɓe-shaɓe. Ta rarrafa ƙarƙashin gado ta jawo asusu, da wani littafin rubutu duk ya sha hannu. "Kuɗɗin Auta na," in ji ta. "Na asibiti."

Wallahi jikina ya yi sanyi. Na buɗe littafin nan na ga komai a rubuce, rana da rana. Ta fara da lalle da kitson yara tun Babbar Sallah ta watan Yuli, ta tara N9,000. Ta koyi alawar madara wurin maƙwabciya, tana sayarwa a makaranta lokacin tara, ribar ta kai N8,200. Sannan a Islamiyya ta gaya wa ƙawayenta halin da ƙanenta yake ciki, yara 21 suka yi alkawarin duk ranar Laraba, in an kawo wa malam kuɗin Laraba, kowa za ta ba da N20 ta Auta. Sun yi mako 15 ba fashi, N6,300 ke nan. Jimilla N23,500. Ta yi niyyar ba za ta fasa ba sai ta cika N30,000, domin a ganinta abin da zai isa ke nan.

Inda matsalar take, yarinya ta yi dabarar manya. Saboda kada ƙananan kuɗi su cika asusu, sai ta riƙa tara su a gwangwani, in sun kai ɗari biyu ko ɗari biyar ko dubu ta kai wa mai shago ya ba ta guda, ta nannaɗe ta zura. Ga shi N20 da N50 da N100 canjin bai shafe su ba, manyan da ta yi wahalar canzowa su ne ake cewa za su mutu. Kwana uku ta yi ba ta barci, ta rasa wanda za ta tunkara.

Na ce mata gobe sai an gaya wa Baba, domin ba a kai yaro asibiti a ɓoye wa ubansa. Ta ce zai yi faɗa. Ya kuwa yi. Da safe na shimfiɗa zane a tsakar gida muka fasa asusu, na miƙa wa Yaya littafin. Ya karanta shafin kitso bai ce komai ba, ya karanta na alawa ya yi shiru, da ya zo kan sunayen 'ya'yan mutane sai ya miƙe tsaye, idonsa ya yi ja.

"Ni kunka mai da almajiri cikin garin ga? Mi nir rasa, da ɗiyata za ta bi ɗiyan mutane tana roƙon naira ashirin? A mai da ma kowa kuɗɗinai!"

Ku fahimce ni 'ya'yana, ba mugunta ce ta sa shi faɗin haka ba. Ciwo ne na magidanci da ya ga ƙaramar yarinya ta yi abin da shi ya kasa, kuma gari ya riga shi sani. Na buɗe baki zan yi magana, Inna ta ɗaga mini hannu daga kan tabarmarta.

"Zamna," ta ce masa. "Shekarar da ubanka yak kwanta ciwo, wa yan nome muna gona? Ba gayya anka yi ba? Ka ji wani ya ce bara munka yi? Wagga ɗiya gayya tak kira. Ka sa mata albarka, ka ɗauki ɗanka ka kai shi asibiti."

Yaya ya zauna. Ya daɗe kansa a sunkuye, can ya ce ya yarda, amma da sharaɗi biyu. Na farko, kuɗin mota nasa ne, ko kwabo ba za a taɓa daga na yarinya ba. Na biyu, shi da kansa zai bi gidajen yaran nan 21 ya yi wa iyayensu godiya. Ya kuma cika.

Ni na karɓi tsofaffin takardun nan na shiga Sakkwato, na yi yini guda a layin banki na zuba su a asusuna kafin wa'adi ya cika. Daga baya, ranar 3 ga Maris 2023, Kotun Ƙoli ta ce a ci gaba da karɓar tsofaffin kuɗi, amma a ranar wa ya san haka za ta faru? Da kuɗin nan, ta hanyar tiransifa, muka yanki kati muka sayi magani a Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo. 'Yar Asusu ta ce ƙafarta ƙafar Auta, dole muka tafi da ita, littafinta a hannu.

To ku matso kusa, domin abin da likita ya faɗa shi ne rabin dalilin da ya sa na kawo muku wannan labari. Ya duba yaron tun daga kai har ƙafa, ya tambaya ko akwai mai asma ko yawan atishawa a dangi. Aka ce uwarsa tana da asma. Ya ce to, wannan shi ne kircin da a asibiti ake kira ekzima, irin mai bin jini. Ya ce mu ɗauki fata kamar katangar da aka yi wa yaɓe. Ta mai lafiya tana riƙe laima a ciki, tana tare ƙura da ƙwayoyin cuta a waje. Ta Auta yaɓenta ya tsattsage tun daga halitta, ruwa yana tserewa, ƙura da sabulu da turare suna shiga, jiki ya yi bori, sai ƙaiƙayi. In ya sosa katangar ta ƙara rushewa, ƙaiƙayin ya ƙaru, haka abin zai yi ta zagayawa. Shi ya sa hunturu, da iskarsa ke busar da leɓen mai lafiya ma, ya fi wahalar da shi.

'Yar Asusu ta ɗaga hannu kamar a aji. "Likita, ana ɗauka?"

Ya ce ko kaɗan ba a ɗauka. Ko ku ci a kwano ɗaya, ku kwana a shimfiɗa ɗaya, ba zai shafe ki ba. Ta ce ya rubuta mata a littafinta ya sa hannu. Ya yi murmushi ya rubuta.

Na ƙara bincike bayan na dawo. Ciwon nan yana ko'ina a duniya, a wasu ƙasashe yana kama yaro ɗaya cikin biyar, kuma yawanci yana farawa kafin shekara 5. A 2006 masu bincike a Jami'ar Dandi ta ƙasar Sikotlan suka gano cewa da yawan masu fama da shi suna da tangarɗa ta gado wajen haɗa wani sinadari mai suna filagirin, wanda ke ƙarfafa saman fata. Har rana aka ware masa, 14 ga Satumba ta kowace shekara. A jikin Bature wurin ja yake yi, a jikinmu kuwa baƙi yake yi ko toka-toka, wani lokaci da ƙananan ƙuraje kamar tsikar jiki, shi ya sa ake yawan ruɗa shi da wasu cututtuka.

Don haka ku riƙe bambancin nan. Ƙyasbi, wanda a kasuwa ake yi wa laƙabi da ekzima, daban yake: tabo ne mai haske ko duhu a ƙirji da baya da wuya, ƙaiƙayinsa kaɗan ne, kuma naman gwari ne na fata ke kawo shi. Makero zagaye yake yi kamar kwabo, yana cinye gashin kai, kuma ana ɗauka. Ƙazuwa wani ɗan mitsitsin ƙwaro ne ke shiga fata, ta fi kama tsakanin yatsu, ƙaiƙayinta ya fi tsanani da dare, kuma sai an yi wa duk mutanen gida magani tare. Kuturta kuwa, wadda waccan mata ta jefi Auta da ita, alamarta tabo ne mai haske wanda ba ya jin taɓi, yawanci ba ya ƙaiƙayi, tana warkewa, maganinta kuma kyauta ake bayarwa tun 1995. Kowanne da maganinsa, man da ya yi wa ƙawarki aiki yana iya ɓata miki fata.

Game da man kemis ɗin nan, likita ya ce a cikinsa akwai magani mai ƙarfi da ake kira sitiroyid, wanda ke kwantar da kumburi nan take, amma in aka daɗe ana shafawa ba bisa ƙa'ida ba, musamman a fuska da wuyan yaro, yana sirantar da fata, ya kawo nankarwa da ƙuraje. Irinsa ne ake zubawa a wasu mayukan bilicin, ku da kuke sha'awar haske ku ji da kyau. Shi ma likita sitiroyid ya rubuta wa Auta, amma mai sauƙi, na 'yan kwanaki, a kan wurin da ya tashi kaɗai. Ya nuna mana ma'auni: abin da aka matso daga kan ɗan yatsan manuni zuwa gaɓar farko ya isa wuri mai faɗin tafin hannun babba biyu.

Abin da ya ba mu mamaki, babban maganin ba mai tsada ba ne. Basilin fari marar ƙamshi, ko man kaɗanya mai tsabta, a shafe jiki duka aƙalla sau biyu a rana, ko fata ta yi kyau kada a daina. Wanka gajere da ruwa mai ɗumi-ɗumi, ban da mai zafi, ban da soso, ban da sabulu mai ƙamshi ko na kashe ƙwayoyin cuta. A tsane jiki da tawul a hankali, a shafa mai nan take kafin laima ta bushe. Kayan auduga, a ɗauraye su sosai daga garin sabulu. A yanke farce. A nisanta shi da hayaƙin turaren wuta, kada a shafa masa humra. Kada a hana yaro ƙwai ko madara ko gyaɗa don jin ta bakin mutane, sai in likita ne ya ce. In kuma aka ga wurin yana ruwa, ko ɓawo mai ruwan ɗorawa, ko ƙuraje masu ruwa sun fito a cunkushe, ko zazzaɓi ya shigo, a garzaya asibiti a ranar.

Ba zan yi muku ƙarya in ce Auta ya warke ba, domin likita ya faɗa mana ƙarara cewa ciwon lallaɓa shi ake yi, kodayake yara da yawa yana yi musu sauƙi in sun girma. Har yanzu in hunturu ya shigo bayan gwiwarsa yakan tashi. Amma cikin mako biyu da zuwanmu yaron nan ya yi barci tun isha'i har asuba, abin da uwarsa ta ce rabonta da gani har ta manta. Yanzu yana makarantar firamare, yana zama benci ɗaya da 'yan'uwansa. Takardar likita kuwa, 'Yar Asusu ta kai ta Islamiyya, malama ta karanta wa aji, labari ya bi gari har ya isa kunnen matar gidan suna.

Sai dai akwai inda yarinyar ta yi kuskure, kuma na gaya mata. A zangon da take wannan fafutuka, daga ta 4 a aji ta koma ta 17, saboda dare take raba wa tukunyar alawa. Kuma ta ɗauki nauyi ita kaɗai wata bakwai, alhali da ta gaya wa Inna tun farko da tuni an je asibiti, da kuɗinta ma ba su shiga haɗarin mutuwa ba. Saboda haka duk wadda take son ta yi koyi da ita, ga shawarata. Ki nemi babba guda ɗaya da kika yarda da ita ki gaya mata tun ranar farko. Ki rubuta duk kwabon da ya shigo da sunan mai bayarwa, domin amana ce. Ki tsaya a cikin gida da makaranta da mutanen da kika sani, kada ki ɗauki faranti ki hau bakin titi wurin direbobi da 'yan tasha, kada kuma ki karɓi kuɗin namijin da zai ce ki zo ki same shi a wani wuri, ko da sunan taimako ne. Kada karatu ya biya kuɗin magani. In ciwon ya fi ƙarfin asusu, iyaye su nemi Hukumar Zakka da Waƙafi, irin wadda ake da ita a Jihar Sakkwato, domin don irin haka aka kafa ta.

Kada kuma wata ta ɗauka wannan baƙon abu ne da muka aro. A ƙasar Sakkwato Nana Asma'u, 'yar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, wadda ta rayu daga 1793 zuwa 1864, ta kafa 'Yan Taru, inda jajis suke jagorantar 'yan mata da tsofaffi daga ƙauyuka su zo ɗaukar karatu, suna tafe da ɗan abin da suka tara na hatsi da zuma da tufafi, a raba wa marasa lafiya da mabuƙata. Yara 21 da nairarsu ashirin-ashirin a kan wannan turba suke. Da yayyafi kogi kan cika.

Da na je gida a hutun da ya wuce na leƙa ƙarƙashin gadon Inna, na ga wani sabon asusu. Na ce wannan kuma na mene ne? Ta ce na basilin ne, tana fasawa duk farkon hunturu, rabi na Auta, rabi na wata 'yar maƙwabta da ta gano tana da irin ciwon. Wannan karon da sanin Babanta, shi ne ma yake fara zura nasa. Karatunta kuma ya dawo, ta ce likitar fata take son zama. Allah ya cika mata burinta, ya ba Auta da sauran marasa lafiya sauƙi.

Duk wadda take da ƙane ko ƙanwa mai irin wannan lalura, ta rubuto mini yadda suke fama, zan kawo wasu daga cikin wasiƙun a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu. Ku gaishe mini da su Mama.

Taku har kullum,
Gwaggo